Yadda Ake Zanen Fuska da Allin Fastel a Kan Hanyar Tafiya

Fastel garin launi ne tsantsa da aka kwaɓa da ɗan ƙaro, aka murza shi sanda-sanda kamar alli. Ba ya buƙatar ruwa, ba ya buƙatar mai, babu zaman jiran bushewa, shi ya sa ya dace da matafiyi. Jean-Étienne Liotard, wani mai zane mutumin birnin Janiba (Geneva), shekara huɗu ya yi a Istambul daga 1738 zuwa 1742 yana zana fuskokin mutane da shi, kuma launin aikinsa yana nan garau har yau. Sai dai wannan sauƙin yana da farashinsa: tunda fastel ba ya jiƙewa, ba ya kuma bushewa ya kama. Garin yana nan zaune a kan takarda, abu kaɗan ya goge shi ya tafi. Don haka aikin mai zane a hanya ya rataya ne a kan abu biyu, wato ya sami haske ɗaya da ba zai canja masa ba har ya gama, sannan ya hana komai zamewa a kan zanen har ya kai gida. Maganar nan a kan busasshen fastel ake yi. Na mai, wanda aka haɗa da mai da kaki, wata sana'a ce daban.

Allin da za ka ɗauka

Kuskuren farko shi ne kwasar akwati mai sanda ɗari biyu. Sanda 36 zuwa 48 sun ishe ka zana kowace fuska, kuma rabi-rabi za ka ɗauka. Kafin ka ɓare takardar da ke naɗe da kowace sanda, ka ja layi da ita a kan wata takarda ka rubuta lambarta a gefe, domin ranar da ta ƙare ka san wadda za ka nema. Sannan ka karya ta biyu, ka bar rabi a gida. Guntun santimita uku ya fi daɗin aiki, domin kana iya kwantar da shi ka shafa faɗin kunci da jan hannu ɗaya.

Wajen zaɓe, matakin duhu ya fi sunan launi muhimmanci. Kowane launin da ka ɗauka ka samo masa mai duhu, matsakaici da mai haske. Ruwan ƙasa mai ɗumi, wato mai karkata ja ko rawaya, kamar guda takwas, daga wanda ya kusa zama baƙi zuwa mai kama da yashi. Ja da ruwan hoda guda shida. Ruwan ɗorawa da ruwan goro guda biyar. Shuɗi da shunayya guda shida, kore huɗu, ruwan toka biyar, wasu masu ɗumi wasu masu sanyi, wato masu karkata shuɗi. Sai fari ɗaya da baƙi ɗaya, waɗanda za su fi kowa daɗewa a akwatin idan kana aiki daidai. Masu koyo sukan cika akwati da launuka masu haske su manta da masu duhu, alhali su ne ƙashin bayan zanen.

Taurin allin ma hawa uku ne. Masu tauri, irin Conté ko NuPastel, da su ake aza tubali. Matsakaita, irin Rembrandt, su ne jikin aikin. Masu taushi sosai, irin Sennelier, Schmincke ko Unison, na ƙarshe ne, kuma su suka fi saurin ragargajewa a jaka, don haka guda goma sun isa. Ka ƙara fensirin fastel shida zuwa takwas saboda ido, ƙofar hanci da layin tsakanin leɓɓa.

Akwatin ya zama mai faɗi marar zurfi, da soso a ƙasa da soso a jikin murfi, yadda idan an rufe sosan zai danne allin. Gwajinsa ɗaya ne: ka rufe ka girgiza kusa da kunnenka. In ka ji ƙaras-ƙaras, ka ƙara soso ko ka cusa auduga a gibin, domin duk sandar da ke motsi gari za ta zama. Ka ɗaure akwatin da roba biyu masu faɗi ko da yana da maƙulli. Jera allin daga haske zuwa duhu a gefe ɗaya, launi-launi a ɗaya gefen, ka kuma riƙe wannan tsarin har hannunka ya haddace shi. Bayan kwana biyu na aiki duk sandunan za su yi dusu-dusu su zama ruwan toka iri ɗaya. Ka zuba su a ƙaramin gwangwani mai ɗanyar shinkafa ka jujjuya a hankali, launin kowacce zai fito. Shinkafar ka saya a inda ka sauka, domin ƙasashe irin Ostareliya da Niyu Zilan suna da tsauri a kan shigo da hatsi.

Takarda da allo

Kaushin takarda ne ke riƙe garin. Canson Mi-Teintes mai nauyin giram 160 ba ta da nauyin ɗauka, amma hawa biyu zuwa uku na shafin alli kawai take karɓa kafin ta ƙoshi. Tana da fuska biyu, kuma don zanen mutum gara ka juya mai santsin, domin ɗaya fuskar tana da zanen saƙar zuma da ke fitowa a fata kamar tabon ƙyanda. Pastelmat ta Clairefontaine, giram 360, ita ce abokiyar tafiya ta ƙwarai, domin tana kama gari da ƙarfi har kusan ba ta zubarwa. Hawa na farko ba ya murzuwa a kanta, sai ka tara biyu ko uku. UART mai lamba 400 zuwa 600 kamar sanfefa take, tana ɗaukar hawa da yawa amma tana cin alli, tana kuma cin fatar yatsa. La Carte ta Sennelier tana da daɗin aiki, sai dai ɗigon ruwa ɗaya ko gumi yana ɗaye fuskarta, don haka ka bar ta a gida idan wurin da za ka je mai ruwan sama ne.

Ka zaɓi takarda mai matsakaicin duhu: ruwan toka mai ɗumi, ruwan ƙasa ko kore mai dusashewa. Fara tana sa duk launin da ka ɗora ya yi kamar ya yi duhu, sai ka yi ta ƙara haske har fuskar ta koɗe. Yanka ta tun a gida, santimita 24 da 30. Ka yanko alluna uku na kwali mai soso a tsakiya, kaurin milimita 5, kowanne ya ɗara takardar da santimita biyu ta kowane gefe. Ɗaya na zane ne, biyu na ajiya. Sauran tarkacen: takardar gilasin, wato mai santsin nan shara-shara, guda ɗaya ga kowane zane, salatif na takarda, manyan kilif shida, siririn gawayin zane, kilina mai lanƙwasuwa, buroshi mai taurin gashi, guntun sanfefa, tsumma da jiƙaƙƙen hankici na goge hannu.

Idan ta jirgin sama za ka bi

Allin ya shiga jakar hannu. Jakar da ake kai wa cikin jirgi jifa take sha. A na'urar bincike jerin sandunan yakan fito da duhu, sau da yawa ma'aikaci zai ce a buɗe. Ka fitar da akwatin tun kafin a tambaya, ka faɗi abin da ke ciki, ka roƙi a buɗe shi a kwance, murfi a sama. Akwatin fastel da aka buɗe a kife ba ya komawa yadda yake. Reza ko wuƙar fiƙe fensir sai babbar jaka. Gwangwanin feshin kama launi, wato wanda ake fesa wa zane don garin ya manne, yana kamawa da wuta, ba a yarda da shi a kowace jaka ba, kuma kamar yadda za a gani a ƙasa ba dole ba ne. Batirin fitila da na cajin waya a jakar hannu suke tafiya.

Haske

Nan ne zane ke gyaruwa ko ya lalace, tun kafin alli ya taɓa takarda. Fuska tana fitowa da siffarta ne idan haske ɗaya ya raba ta biyu, ɓangaren haske da ɓangaren inuwa. Haske biyu masu ƙarfi ɗaya suna kashe inuwar juna, fuskar ta zama kamar faifai.

A cikin ɗaki, ka kashe fitilar sama. Ka zaunar da mutumin kusa da taga ɗaya, kamar mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi daga gare ta, ka ja labulen sauran. Hasken ya zo masa ta gefe da ɗan gaba, kusan digiri 45, kuma daga sama da kansa. In tagar ta yi ƙasa, ka rufe rabinta na ƙasa da tawul, domin hasken da ke tasowa daga ƙasa yana juya inuwar hanci sama, mutum ya yi kama da abin tsoro. Yanzu ka sa ya juya kansa a hankali kana kallon inuwar hancinsa. Akwai wurin da inuwar za ta gangaro ta haɗu da inuwar kunci, ta bar ɗan haske mai kusurwa uku a ƙarƙashin idon da ke cikin duhu. Masu zane suna danganta wannan tsarin da Rembrandt, shahararren mai zanen nan na ƙasar Holan, kuma shi ya fi fito da ƙashin fuska. In kana son abin da ya fi laushi, musamman ga yaro, ka dawo da kan kaɗan wajen tagar har inuwar hancin ta zama ƙarama, ba ta taɓa ta kunci ba.

Tagar da rana ba ta shiga kai tsaye ita ake nema. A arewacin duniya mai kallon arewa ce, a kudanci mai kallon kudu, kusa da tsakiyar duniya kuwa abin yana bin lokacin shekara. Hanya mafi sauƙi ita ce ka duba inda rana take, ka tambayi kanka ko za ta leƙo tagar nan cikin awa biyu masu zuwa. Rana tana tafiyar digiri 15 a kowace awa. A fili, cikin minti arba'in inuwar hanci ta riga ta ƙaura, kuma mai zanen da ke bin ta yana gyarawa zai ƙare da fuska mai inuwa biyu da datti a tsakani. Maganinsa: ka zana iyakar inuwa a minti goma na farko, daga nan ka daina yarda da abin da rana ke nuna maka game da ita.

A waje, ka guji tsakar rana. Tana cika kwarmin ido da duhu, tana sa mutum ya yamutse fuska. Ka nemi bakin inuwa, kamar ƙofar gini ko ƙarƙashin rumfa, inda haske ke shigowa ta gefe ɗaya. Ƙarƙashin bishiya yana da daɗin zama amma yana yaudara, domin ganye na watsa ɗigo-ɗigon rana a fuska yana kuma rina ta kore. Jan bango ma haka, zai mayar da launinsa a kan muƙamuƙi. Wannan ba laifi ba ne idan ka gan shi ka zana shi da gangan.

Abin da aka fi mantawa shi ne hasken da ke kan allonka. Takarda da akwatin alli su kasance cikin haske iri ɗaya, kuma duka a inuwa. Idan rana na dukan takardar, idonka zai ga komai ya yi fau, sai ka yi ta zaɓar launi mai duhu, ka shiga ɗaki ka tarar da zanen ya yi baƙi ƙirin. Lema tana taimakawa, amma fara ko baƙa ko ruwan toka, ban da mai launi. Rigarka ma ta zama mai duhu marar ƙyalli, domin jar riga tana haska takarda da ja.

Da dare ko a ɗakin da ba taga, ƙaramar fitilar LED mai batir ta wadatar. Ka duba lambobi biyu a jikinta: zafin launi tsakanin 5000 da 5500 K, wato kusa da hasken rana, da kuma CRI, wato ma'aunin yadda fitila ke nuna ainihin launi, 90 ko sama. Ƙwan ɗakin saukar baƙi yawanci 2700 K ne, rawaya, kuma a ƙarƙashinsa shuɗi yana mutuwa, ruwan ɗorawa mai haske yana kama da fari. Abin da ka zana da dare sai ka ƙi gane shi da safe. Ka ɗaga fitilar sama da kan mutumin, ka rataya farin hankici a gabanta da ɗan tazara don bakin inuwa ya yi laushi. In ɓangaren inuwa ya yi duhun da ba ka ganin komai, ka jingina farar takarda a can gefen, nesa kaɗan, ta dawo da ɗan haske. Kaɗan ake so.

Zama da zane

Ka nemi izini, ka faɗi gaskiyar lokacin da za a ɗauka: awa ɗaya da rabi, minti ashirin ana zaune, biyar ana hutawa. Ka manna salatif a ƙasa inda ƙafafun kujera suke, ka ba mutumin wani abu tsayayye da zai riƙa kallo. Kai kuma ka zauna mita ɗaya da rabi zuwa biyu daga gare shi, idonka daidai da nasa. In ka matso fiye da haka, hanci zai yi girma kunne ya ƙanƙance. Haka kyamarar waya take yi, don haka hoton ajiya da za ka ɗauka tun a farkon zama, ka ja baya ka zuƙo hoton (zoom) ninki biyu ka ɗauka. Hoton don siffa ne. Launin inuwa a waya ƙarya ne, shi sai ka ja ɗan layin kowane launi a gefen takardarka.

Allon ya tsaya a miƙe, samansa ya ɗan rusuno wajenka, don garin da ke zuba ya faɗi ƙasa ba tare da ya bi ta kan fuskar ba. Ka lanƙwasa takardar alminiyam ka yi ɗan kwatami a ƙasan allon ya tare shi, ɗakin mutane ba wurin zubar da jan gari ba ne. Kada ka hura da baki. Garin yana shiga huhu, wasu launukan kuma akwai kadmiyam ko kobalt a cikinsu. Ka fita waje ka ƙwanƙwasa bayan allon.

Da gawayi, hannu sakwa-sakwa, ka sa alamar saman kai da haɓa, tsawon santimita 15 zuwa 17. Ka ja layin tsakiyar fuska yadda ya karkata, sannan layin idanu, wanda yake tsakiyar kai ne daga ƙoli zuwa haɓa. Kusan kowa yana ɗaga shi sama ya cinye goshi. Daga gashin goshi zuwa gira, gira zuwa gindin hanci, gindin hanci zuwa haɓa, kusan kashi uku ne daidai. Wannan ma'auni ne kawai, kama tana fitowa ne daga inda mutumin ya saɓa masa. Ka miƙa hannu da fensir ka auna.

Sai ka ƙanƙance ido har ƙananan abubuwa su ɓace, ka zana iyakar inuwa baki ɗayanta: kwarmin ido, gefen hanci, leɓen sama, ƙarƙashin leɓen ƙasa, ƙarƙashin haɓa, gashi. Ka cike su da alli mai tauri, launi ɗaya mai duhu da ɗumi, shafa mai sauƙi yadda takarda ke leƙowa. In mutumin bai fito ba a wannan matakin, gashin ido ba zai fito da shi ba. Gyara yanzu. Ka ɗaga madubi ko baƙin gilashin waya ka kalli zanen a juye, karkatar da idonka ya saba da ita za ta bayyana.

Daga nan ana tafiya daga duhu zuwa haske, daga tauri zuwa taushi. Ka shafa bayan kai da wuri, domin shi ke gaya maka ainihin hasken fata. Ka sa matsakaicin launin ɓangaren haske, sannan ka duba sauye-sauye: kunci, hanci da kunne sun fi ja, muƙamuƙi ya fi sanyi, kuma a daidai inda haske ke shiga inuwa akwai siririn ɗumi. Hasken taga mai sanyi ne, inuwarsa sai ta yi ɗumi. Hasken yamma mai ɗumi ne, inuwarsa ta karkata shuɗi ko shunayya. Baƙar fata tana ɗaukar launin sararin sama a goshi, karan hanci da ƙashin kunci, saboda haka ƙyallinta shuɗi ne ko shunayya mai haske, a ƙarƙashinsa ja mai zurfi da ruwan goro. Wanda ya yi ta da baƙi da fari zai sami toka. Farar fata kuma takan nemi ɗan kore a gefen haɓa. Farin ido ba fari ba ne, ƙwallo ne a ƙarƙashin inuwar fatar ido, ruwan toka ya fi dacewa da shi. Ƙyallin ƙwayar ido da na kan hanci su ne na ƙarshe, da alli mafi taushi, dannawa ɗaya a ɗaga hannu.

Duk sandar da ka yi amfani da ita ka ware ta a kan tsumma. Da wuya su wuce goma sha biyar, kuma komawa gare su shi ke haɗa kan zanen.

Murza da yatsa ita ce babbar jaraba. Kyan fastel yana cikin ƙwayoyin garin da ke tsaye suna mayar da haske, murza kuwa tana kwantar da su, fata ta zama kamar roba. Ka murza hawa na farko kaɗai, daga baya ka haɗa launi biyu ta hanyar bi ta kansu da alli mai tauri. Idan alli ya fara santsi ba ya kamawa, takarda ta ƙoshi, ƙari ba zai haifar da komai ba sai laka. Ka kakkaɓe wurin da buroshi, ka danna kilina ka ɗaga, kada ka goga, sannan ka sake. Hasken da ya dawo cikin inuwa kuma kada ya kai hasken ɓangaren haske, in ya kai, siffar kan za ta baje.

Kai zanen gida

Ƙwanƙwasa bayan allon sau uku ko huɗu. Shimfiɗa takardar gilasin a kan zanen, ka manne ta da salatif a gefen sama ta baya, ka danna da tafin hannu daga sama zuwa ƙasa ba tare da ja ba. Dannawa tana ƙara cusa garin cikin takarda, zamewa ta gefe ce ke kashe zane. Ka jera zanukan, kowanne da gilasinsa, tsakanin allunan ajiya biyu, ka matse da kilif ta gefe huɗu har ba abin da ke motsi. Ka sa ƙunshin a babbar leda saboda ruwa, ka kwantar da shi tsakanin tufafi. Leda kada ta taɓa fuskar zanen, wutar da ke taruwa a jikin roba tana zuƙe gari. Jarida tana barin tawada, takardar goge hanci tana kwashe launi. Kada a naɗe. A wuri mai danshi ka riƙa buɗe ƙunshin yana shan iska, don takarda tana kumbura, fumfuna kuma tana son ƙaron da ke cikin allin.

Feshin kama launi yana duhunta zane yana kashe hasken da ka sha wahala a kansa. In ka saya a inda ka sauka, ka yi amfani da shi a tsakiyar aiki don dawo da kaushin takarda, a waje, daga nisan santimita 30 zuwa 40, fesawa mai sauƙi sau biyu. Kada ka maye gurbinsa da feshin gashin kai, yana rawaya da daɗewa.

Idan mai fuskar ne zai karɓi zanen, ka ba shi a manne kan kwali da gilasinsa, ka gaya masa abu uku da zai faɗa wa mai firam: gilashi na gaske ba na roba ba, tazarar milimita uku zuwa biyar tsakanin gilashin da zanen, kuma a ɗauke shi fuska a sama har a rataye.